Kwamfuta na ƙirga jijiyoyin gindin farce, amma za ta gan su a hannunmu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin asibiti ku zo ku warware mana. An turo wani bidiyo a rukunin gidanmu: an ɗora yatsan mutum a ƙarƙashin wani ɗan madubi mai fitila, sai ga jini yana gudu a allo cikin wasu siraran hanyoyi masu lanƙwasa, kwamfuta tana zagaye kowace da layi tana fitar da lambobi a gefe. Ba allura, ba tsaga. Wanda ya turo ya ce wai an kusa daina ɗibar jini a asibiti. Da gaske jini ne ake gani, ko haɗin kwamfuta ne? In kuma da gaske ne, me ake ganowa da shi?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam. 'Yata, zamanin da ake sa mamaci ya yi jawabi a bidiyo, ni ban gaskata komai sai na ji daga bakin likita.

Ɗan Zariya:
Baba, wannan karon da gaske ne. Hajiya, jini ne sosai kika gani. A duk jikin mutum ƙananan jijiyoyin fata a tsaye suke, kansu kawai ake hangowa kamar ɗigo. A gindin farce ne kaɗai suke kwanciya, sai a ga tsawonsu gaba ɗaya: jijiya ta taho, ta lanƙwasa kamar harafin U, ta koma. Ana ɗiga mai a wurin don fata ta daina ƙyalli, a haska, a ƙara girma har sau 200. Bangon jijiyar ma ba a ganinsa. Jajayen ƙwayoyin jini ne suke shanye hasken, musamman kore, sai su fito baƙi-baƙi a jere. Digirina na biyu a kan sarrafa hoto da kwamfuta nake yi, kuma irin wannan aikin nake son ɗauka, shi ya sa na zaƙe.

Likitar Gaɓɓai:
Wa alaikumus salam. Ɗan Zariya ya faɗi daidai a kan hoton. Wanda ya ce za a daina ɗibar jini kuwa ya yi gaba da yawa.

Gwajin nan sunansa kafilaroskofi, kuma ba sabo ba ne. A asibitin da nake karatu a nan Ingila ana yinsa kowane mako. Babban amfaninsa guda ɗaya ne: mutumin da yatsunsa suke yin fari ko shuɗi su mace idan sanyi ya taɓa su, abin da wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya bayyana tun 1862. Mafi yawan masu wannan ba wata cuta a ƙarƙashi, su sa safar hannu su ci gaba da rayuwa. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da hakan shi ne farkon ciwon taurin fata, wato sikilarodama, wanda garkuwar jiki take juyowa ta lalata ƙananan jijiyoyi, fata ta yi tauri, daga baya ya taɓa huhu da ƙoda da hanyar abinci. To ta yaya za ka raba waɗannan da waɗancan tun fata ba ta fara tauri ba? Nan ne gindin farce yake magana.

A 1973 Hildegard Maricq da Carwile LeRoy a Amurka suka nuna yadda jijiyoyin masu ciwon suke canzawa. A 2000 Maurizio Cutolo na Jenowa a Italiya ya kasa canjin gida uku: na farko, na tsakiya, na ƙarshe. Da farko wasu jijiyoyi suna kumbura su zama ƙattai, faɗinsu ya wuce maikiromita 50, alhali mai lafiya ba ta cika wuce 20 ba. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sai su riƙa fashewa, a ga ɗigon jini a samansu. Daga ƙarshe su ɓace, wurin ya zama fili, 'yan waɗanda suka saura su yi rassa barkatai. Mai lafiya yana da kamar jijiya 7 zuwa sama a kowace milimita. In ta yi ƙasa da haka muna sa ido.

Maman Ilham:
Dakta, Allah ya saka. Yanzu kin tayar min da hankali kaɗan. Matar yayana duk hunturu haka take fama, in ta taɓa ruwan alwala da asuba yatsun sai su ƙage, ta yi ta hura musu iska. Mu dai mun ɗauka sanyin jiki ne.

Likitar Gaɓɓai:
Kada hankalinki ya tashi, Maman Ilham, ƙila ma sanyin ne kawai. Ki tambaye ta dai: yatsun suna kumbura har zobe ya ƙi fita? Akwai ɗan gyambo a kan yatsa da ya ƙi warkewa? Fatar hannu ko ta fuska tana ɗaurewa? Tana yawan ƙwannafi ko abinci ya tsaya mata a ƙirji? Akwai wurin da fata ta yi dabbare-dabbare, fari da baƙi a haɗe, a goshi ko ƙirji? Mu baƙaƙe wannan alamar tana fitowa sosai a jikinmu. Sannan da girmanta abin ya fara ko tun tana budurwa? In akwai ko ɗaya, ko kuma da girma ya fara mata, ta je asibitin koyarwa ta nemi ɓangaren ciwon gaɓɓai.

Malamin Lab:
Dakta, ki ƙara musu da cewa hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don kada a ce mu masu ɗibar jini an sallame mu. An yi wani dogon bibiya a Montiriyal ta Kanada, an wallafa a 2008, mutum 586 masu wannan matsalar yatsu. Waɗanda aka samu hotonsu ya lalace kuma jininsu ya nuna ƙwayoyin garkuwa na ciwon, kusan kashi 80 cikin ɗari sun kamu daga baya. Biyun ake haɗawa. Ko a ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai suka fitar a 2013, hoton gindin farce maki 2 ne kawai a cikin 9 da ake buƙata.

Baba Mai Goro:
To in likita na iya duba abin da idonta, ina ruwan kwamfuta a ciki? Ko dai neman kuɗi ne?

Ɗan Zariya:
Ranka ya daɗe, lissafa aikin ka gani. Yatsa 8 ake dubawa, ban da manyan yatsu biyu. Kowane yatsa hoto biyu ko fiye. A kowane hoto sai an ƙirga jijiyoyin layin gaba, an auna faɗin waɗanda ake zargi, an duba zubar jini. Mutum ɗaya ke nan. Likitan da ya duba mutum goma ya gaji, kuma an sha gwadawa: a ba ƙwararru biyu hoto ɗaya, lissafinsu ya bambanta, musamman a kan wace jijiya ce ta layin gaba wace ce ta baya. Kwamfuta ba ta gajiya, kuma abin da ta ƙirga yau shi za ta ƙirga baɗi. Ga mai ciwon da ake bibiya shekara da shekaru wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda take yi kuwa, da farko tana daidaita hoton, don yatsa ba ya tsayawa cak, numfashi ma motsa shi yake. Sai ta haɗa hotuna su zama shimfiɗa ɗaya daga wannan gefen farce zuwa wancan. Sai ta nemo ƙoƙon kowace lanƙwasa, ta ƙirga, ta auna faɗi da karkacewa. 'Yan Jami'ar Manchester, rukunin Farfesa Ariane Herrick, sun fitar da irin wannan tsarin tun 2014. Akwai na Jenowa, akwai na Sifen mai suna Capillary.io, kuma a 2023 Manchester da Zurik kowa ya fitar da nasa mai ƙirƙirarriyar basira. Ba a rubuta mata doka, dubban hotuna ake ba ta waɗanda ƙwararru suka yi wa alama, ta koya da kanta.

Maman Ilham:
Gudun jinin fa? Shi ne ya fi ba ni mamaki a bidiyon.

Ɗan Zariya:
Shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, Hajiya. Jerin ƙwayoyin ba a cike yake ba, akwai giɓi nan da can. Kwamfuta tana kama giɓi ɗaya a hoto na farko, ta nemo inda ya koma a na biyu, ta raba tazarar da lokacin da ya wuce. Tun shekarun 1970 Bollinger a Zurik da Fagrell a Sitokom suke auna wannan da kyamarar talabijin, jijiya ɗaya bayan ɗaya. Yanzu manhaja tana yi wa duk jijiyoyin da ke hoton a lokaci guda. Gudun ba ya da yawa, galibi bai kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba.

Likitar Gaɓɓai:
Ƙanena, a nan zan ɗan taka maka birki. Gudun shi ne ya fi kyau a bidiyo, kuma shi ne ya fi ƙarancin amfani a ɗakin duba marasa lafiya, aƙalla zuwa yanzu. Jijiya ɗaya, a cikin minti ɗaya, za ta yi sauri, ta rage, ta tsaya, ta ci gaba, kuma mutum lafiyarsa ƙalau. Sanyin ɗaki yana canza shi. Sigari yana canza shi. Shayi mai kauri ko kofi, fargaba, ko matse yatsan da madubin ya yi, duk suna canza shi. Shi ya sa muke zaunar da mutum minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai matsakaicin ɗumi kafin mu taɓa shi. Su kansu 'yan Manchester da suka gwada a 2018 a kan mutum sama da 100, siffar jijiyoyin ce ta yi yawancin aikin rarrabe masu ciwo da masu lafiya. Da aka ƙara gudun jini, kaɗan ya ƙaru.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Lokotoro, abin da kika faɗa ya taɓa ni. Wani baƙo ya zo kasuwarmu da irin na'urar nan da allo. Ya ɗora yatsana, ya nuna mini jinin yana tafiya a hankali, ya ce ya yi kauri, shanyewar ɓarin jiki na tafe. Maganin gora ɗaya jaka goma sha biyar. Da sassafe ne, iska na kaɗawa, na sauko daga babur hannuna kamar ƙanƙara. Mutane sun yi layi, kowa aka duba sai an samu abu.

Likitar Gaɓɓai:
Malam, kuɗinka ya so. Babu wanda yake gano kaurin jini ko shanyewar ɓarin jiki daga gindin farce. Da ka sa hannun a aljihu na minti goma ka dawo, da ka ga jinin yana tsere. In kana tsoron shanyewar jiki, ka je a auna maka hawan jini da sukari, shi ne mai amfani.

Baba Mai Goro:
Na faɗa muku da kuɗi a ciki.  Dakta, goro ma yana hana gwajin? Don in haka ne ni ban da rana.

Likitar Gaɓɓai:
Baba, sinadarin da ke cikin kofi yana cikin goro, don haka a ranar sai ka yi haƙuri na 'yan sa'o'i. Bayan an gama ka rama.

Sistar Ɗakin Yara:
Ni tambayata ta masu sikila ce. Mu a nan su ne suka cika mana gadaje. Ana cewa kusan jarirai 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. Ciwon kuma ai na toshewar ƙananan jijiyoyi ne. Me zai hana a ɗora yatsan yaro a ga ko ciwo na shirin tashi kafin ya tashi?

Ɗan Zariya:
Sista, kin shiga zuciyata. Wannan shi ne abin da na rubuta wa malamina. Ƙaramin madubi mai haɗawa da waya ta USB ba ya da tsada, manhaja kuma ni zan rubuta. Ki yi tunanin kowace ƙaramar asibitin karkara da shi.

Likitar Gaɓɓai:
Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1987 Lipowsky da abokansa a New York suka duba gudun jini a gindin farcen masu sikila, kuma har yau bai zama gwajin asibiti ba. Dalili ɗaya shi ne toshewar da ke sa yaro kuka tana faruwa a cikin ƙashi da ɓargo, da saifa, da huhu. Ko kumburin hannu da ƙafa da kike gani a jarirai, a ƙashin yake. Fatar gindin farce tana iya yin lafiya ƙashin cinya yana ci da wuta. Ban ce kada a bincika ba, amma kada a yi wa iyaye alkawari.

Akwai awon gudun jini da ya riga ya tabbata yana ceton yaran nan, kin san shi, Sista: na jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi da sautin na'ura ta gefen kai. Yaron da gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗarin shanyewar jiki, kuma tun 1998 aka nuna in an fara masa magani ana kare shi. A Kano ma an yi manyan bincike a kai, a Asibitin Malam Aminu Kano da wasu, da maganin haidiroksiyuriya. In akwai kuɗin na'ura ɗaya, waccan zan saya.

Sistar Ɗakin Yara:
Haka ne, muna turawa a yi. Sai dai layin ne.

Malamin Lab:
Amma a yi wa Ɗan Zariya adalci, akwai inda hoton yatsa ya fara shiga gonarmu. Wasu masu bincike daga jami'ar MIT a Amurka tare da 'yan Madrid sun lura cewa wasu giɓoɓin da ake gani fararen ƙwayoyin jini ne, don su ba sa shanye hasken. Farar ƙwaya ta fi ja girma, in ta shiga siririyar jijiya kamar tirela ce a lungu, gabanta fili bayanta cunkoso. Suka ce to a ƙirga giɓin da ke wucewa a minti ɗaya. A 2018 suka gwada a kan mutum 11 masu shan maganin ciwon daji, don gano wanda sojojin jininsa suka faɗi ƙasa da 500 a maikirolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) na jini, wanda ƙaramin zazzaɓi zai iya kai shi lahira. A karon farko mutane ne suka ƙirga da ido, daga baya aka koya wa kwamfuta. Kamfanin da suka kafa sunansa Leuko. Gwajin ba ya ba ka cikakken lissafin jini, yana ce maka ne kawai an shiga haɗari ko ba a shiga ba.

Ɗan Zariya:
Yauwa Malam. Kin gani, Dakta?

Likitar Gaɓɓai:
Na gani, kuma yana burge ni. Amma bari in faɗi abin da ya fi damuna, don shi ne ya shafe mu kai tsaye, kuma ban ji kowa ya taɓo shi ba.

Ƙanena, ka taɓa ɗora yatsanka a ƙarƙashin madubin? Ni na ɗora nawa. Abokiyar aikina Baturiya, jijiyoyinta ras kamar an zana. Nawa sai da aka yi ta juya fitila kafin a ga 'yan kaɗan a yatsan zobe da ƙaramin yatsa, sauran duhu. Baƙin fatarmu yana shanye hasken da ake buƙata kafin ya isa ga jinin. Ni in na ga haka a wurin mara lafiya, zan rubuta: ba a iya tantancewa ba. Kwamfutar da aka gina don ta ƙirga me za ta yi? Za ta ƙirga abin da ta gani. Ta ga 3 a milimita, ta rubuta 3. A littafinta kuwa 3 a milimita alamar ciwon da ya yi nisa ne. Jijiyar da ta ɓace da wadda ta ɓuya a bayan fata, a wurinta duk ɗaya ne, sai in an koya mata bambancin. Kuma hotunan da aka koya musu daga ina suka fito? Manchester, Jenowa, Zurik, Sifen. Yawancin hannayen farare ne.

Mun riga mun ga irin wannan. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa a cikin waɗanda ya ce lafiya lau, kashi 11.7 na baƙaƙe iskarsu ta yi ƙasa sosai, fararen kuwa kashi 3.6. Shekara da shekaru ana amfani da shi a haka.

Ɗan Zariya:
Dakta, wannan matsalar injiniya ce, tana da magani. Baƙin fata yana rage shan haske in aka matsa wajen ja. Sai a canza fitila.

Likitar Gaɓɓai:
In ka matsa wajen ja, jinin ma ya daina shanye hasken, sai me za ka gani?

Ɗan Zariya:
Gaskiya ne, akwai ciniki a tsakani. Amma ana iya haɗa launi biyu ko uku, ana iya tara hotuna da yawa na wuri ɗaya a fitar da abin da yake motsi kawai. Fata ba ta motsi, jini yana motsi. A nan ne gudun da kika raina zai yi rana: ko ban yarda da lambar saurin ba, motsin zai nuna min cewa akwai jijiya a wurin da hoto tsayayye ya nuna duhu. Kuma ki duba ɗaya gefen. Ke kina Ingila. Likitocin gaɓɓai nawa ne a duk Arewa? Matar da ke ƙauye ba zaɓi take tsakanin ke da kwamfuta ba. Tsakanin kwamfuta da babu take zaɓa.

Likitar Gaɓɓai:
Maganar motsin nan taka ta shige ni, ban ƙi ta ba. Ta biyun ce ban karɓa ba. Na'urar da za ta ce wa mace mai lafiya tana da ciwon da ba ya warkewa ta fi babu sharri. Za ta sayar da akuyarta ta yi Kano, a yi mata gwajin jini mai tsada, ta yi wata uku ba barci. In aka yi haka sau ɗari, ma'aikatan za su daina yarda da ita, ranar da ta faɗi gaskiya ma ba mai saurara.

Maman Ilham:
Ku tsaya, ni ma ina da tawa. Lalle fa? Mu mata yatsunmu ba sa rabuwa da shi, kuma daidai gindin farcen yake kamawa. Dakta, ciwon ya fi kama wa?

Likitar Gaɓɓai:
Mata, nesa ba kusa ba. Kin kawo magana babba. A nan ana ce wa mace kada ta je gyaran farce na mako biyu zuwa uku kafin gwaji. A gida sai mun ƙara da lalle, ja da baƙi, kuma kin san ba ya fita da wanki, sai fata ta sake. Sannan hannun da yake wanki da omo kullum, yake surfe, yake tsinke fatar gefen farce, zai nuna ɗigon jini da kaurin fata da ba na ciwo ba. Haka hannun makaniki da manomi. Ƙwararre yana kallon hannun gaba ɗaya ya tambayi sana'a. Manhaja milimita ɗaya aka ba ta.

Ɗan Damagaram:
To mu maza mun tsira ke nan?

Likitar Gaɓɓai:
Ba duka ba. A 1957 wani likita mai suna Erasmus ya ga ciwon ya yi yawa a cikin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, kuma an tabbatar ƙurar dutse tana jawo shi. Duk mai aikin fasa dutse ko niƙa shi a wurin haƙar zinariya, a Zamfara ne ko a wajenku, in yatsunsa suka fara macewa da sanyi yana kuma haki, kada ya tsaya shan jiƙo. Ga su kuma su ne masu hannun da ya fi wuyar dubawa.

Baba Mai Goro:
Yaro, ni ban san kwamfuta ba, amma na yi shekaru ina sayen goro a huhu. Wanda na fi yarda da shi a cikin yarana shi ne mai ce min Baba wannan ban gane shi ba, zo ka duba. Naka injin zai iya faɗin haka?

Ɗan Zariya:
Zai iya, Baba, in an gina shi a kan haka. Sai a sa mataki kafin ƙirga: hoton nan ya isa a karanta ko bai isa ba? In bai isa ba ta yi shiru, ta ce a sake ko a tura wa likita. Matsalar ita ce ban da hotunan da zan koya mata. Waɗanda ake samu a intanet kusan duk ba irin hannunmu ba ne.

Malamin Lab:
To ai ka samu aikin digirinka. Ka bar maganar sikila da gano ciwo tukuna. Ka fara da masu lafiya: a cikin mutum ɗari na garinku, nawa ne ake iya ganin jijiyoyinsu, a wane yatsa, da wace fitila, kuma nawa ne a milimita? Lambar 7 ɗin nan da muke ta ambata ma ai sai an tabbatar ta zauna daidai a kanmu. Amma kada ka fara ɗaukar yatsun mutane a hostel. Ka bi ta kwamitin ɗa'a na asibitin koyarwa, kowa ya sa hannu ya yarda, kuma ka tuna akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Ɗan Zariya:
Malamina zai ce aikin ya yi ƙanƙanta, ba ƙirƙirarriyar basira a ciki. Su abin da zai yi ƙara a taro suke so.

Sistar Ɗakin Yara:
Ka ce masa ya zo ɗakinmu ya ga kayan da aka kawo da ƙara suna kwance a sito.

Likitar Gaɓɓai:
Basirar tana nan ai, a matakin da ka faɗa wa Baba, da kuma dabararka ta motsi. In ka samu izinin, ka turo min hotunan ba tare da sunaye ba, zan yi musu alama, kuma zan nemi wata abokiyar aikina ta yi nata daban ba tare da ta ga nawa ba, don ka san inda mu kanmu muka saɓa. Sharaɗina ɗaya: kada ka goge hoton da bai fito ba. Kowane ɗaya ka ajiye shi, ka rubuta yatsan, da launin fatar, da sana'ar mai shi, da ko akwai lalle, da ɗumin ɗakin a lokacin. Ka samo ma'aunin zafi ka rataye a bango kafin ka sayi madubin.

Ɗan Zariya:
An gama, Yaya. Ma'aunin launin fata wanne zan bi? Wanda aka saba da shi gida shida ne, kuma kusan dukkanmu a biyun ƙarshe za mu taru.

Likitar Gaɓɓai:
Kada ka dogara da shi, don ƙonewar rana aka yi shi. Ka ɗauki hoton bayan yatsan da farin kati a gefe, fitila ɗaya kullum, ka auna launin da lamba daga hoton. Ka turo min daftarin kafin ka kai wa kwamitin in duba.